Wayar batir da dokar Ohm

A daminar bara na haɗa inbata da batir mai bolt 12 a ɗakina, kuma saboda son sauƙin kuɗi na yi amfani da ragowar wayar gida, irin wadda masu shago ke kira 2.5. Ba a yi rabin sa'a da kunna firji da talabijin da fankoki ba sai na ji ƙaurin roba. Da na kai hannu, wayar ta yi zafi har ba ta taɓuwa, inbata kuma tana ta ƙara wai batir ya yi ƙasa, alhali da rana ya cika.

Da farko batirin na zarga. Sai daga baya na tuna da ƙa'idar da Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827, wadda muka haddace a sakandare don jarrabawa kawai. Abubuwa uku ta ɗaure wuri guda: matsin da ke tura lantarki, wanda ake aunawa da bolt, yawan lantarkin da ke kwarara, wanda ake aunawa da amfiya, da turjiyar da waya ke yi wa wannan kwarara, wadda ake aunawa da om. Matsin da ke faɗuwa tsakanin bakin waya da ƙarshenta daidai yake da kwarara sau turjiya.

Da na zauna da biro, lissafin ya fito fili. Kayan da na kunna sun kai kusan wat 600, wanda a kan bolt 12 yake nufin amfiya 50 ke bi ta wayar, tunda wat shi ne bolt sau amfiya. Mita uku na wannan siririyar wayar jan ƙarfe, jimillar zuwa da dawowa, turjiyarsu kusan om 0.02 ce, adadin da a ido kamar ba komai ba ne. Amma 50 sau 0.02 bolt ɗaya ne cur, wanda ke salwanta tun kafin wutar ta isa inbata, kuma wat 50 ke nan da ke komawa zafi a cikin robar wayar. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da a gefen bolt 230 da inbata ke fitarwa zuwa kayan gida na sa wannan waya, kwararar ba za ta kai amfiya uku ba, kuma ko ɗumi ba za ta yi ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa manyan layukan da ke ɗauko wuta daga Kainji da Shiroro suke ɗauke da bolt 330,000, domin a rage kwarara, asarar hanya ta ragu.

Washegari na sayo waya mai kauri, lamba 16, wadda turjiyarta ba ta wuce kashi ɗaya cikin shida na ta farkon ba, na kuma matso da batirin kusa da inbata don rage tsawo. Mai shagon ya tambaye ni ko walda zan yi da ita.