"Injiniya, kVA Nawa Za Ta Ishe Ni?"

Da wuya rana ta fito ta faɗi wani bai tsaya a bakin shagona ya yi mini wannan tambaya ba. Wani ma ko daga kan babur ba ya sauka. So yake in ce masa uku ko biyar, ya wuce Sabon Gari ya sayo inbata mai wannan ƙarfin, wato na'urar da ke juya wutar batirin sola ta koma irin ta gida, ya nemi wani yaro ya ɗaura masa. Amsata ɗaya ce: ranka ya daɗe, sai na je gidan na gani. Wasu su kan ji haushi, suna ganin ina neman kuɗin mota ne kawai.

Shekara tara ke nan ina haɗa sola a Kano, ni da yarana huɗu. Da can masu hali ne ke kiranmu. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, aka kuma kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, sai ga mai aski, ga tela, ga mai cajin waya, kowa na son ya huta da janareto. Ciniki ya buɗe, alhamdu lillahi, amma gyaran aikin da wasu suka ɓata ya kusa yawan sabon aiki, kuma galibin ɓarnar daga zaɓen inbata take farowa.

Ni ma ba da iyawa aka haife ni ba. A shekarata ta biyu wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara da zoɓo ta kira ni. Firiza biyu gare ta, kowace an rubuta wat 150 a bayanta, ga fanka biyu da ƙwayaye da talabijin. Na buga lissafi, duka bai wuce wat 500 ba, na sa mata inbata mai kVA 1 ina ganin har na yi mata rara. Kwana biyu sai ga waya da sassafe: "Ɗana, abin naka kuka yake yi tun asuba, ƙanƙarata duk ta narke." Na je na tarar da ruwa har tsakar ɗaki, inbata tana ta ƙara, jar wuta a kunne. Na kashe na kunna, ta tashi lafiya. Ina tsaye a wajen firiza ta biyu ta yi gurnani za ta tashi, sai ɗif, komai ya mutu.

Abu biyu na koya a wannan ɗaki. Na farko, kVA ba wat ba ce. Yawancin inbatocin da ke kasuwarmu sai ka ninka da 0.8 kafin ka san ainihin abin da za su ɗauka: mai kVA 1 wat 800 ce, mai 3.5 wat 2,800 ce, mai 5 kuma wat 4,000, sai fa idan an rubuta kW, wato wat dubu, ƙarara a jikinta. Na biyu, kuma shi ne ya kayar da ni, duk abin da ke da kwamfireso ko mota a cikinsa, lokacin tashi yana fizgar wuta ninki uku zuwa bakwai na abin da aka rubuta masa. Fizgar ba ta wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu, amma ita inbata ba ta san uzuri ba. Firizar Hajiya mai wat 150 tana iya neman wat 800 a wannan ƙiftawar ido, alhali sauran kaya suna kai. Na cire na sa mata babba, cikon kuɗin daga aljihuna, na kuma biya ta ƙanƙararta. Har yau tana turo mini mutane, tana kuma ba su labarin.

Shi ya sa yanzu in na shiga gida ba takardar da maigida ya rubuto nake bi ba. Littafina a hannu, ɗaki ɗaki nake zagawa, ina juya kowace na'ura ina karanta bayanta. Sannan in nemi izini a tambayo mini uwargida abin da ake kunnawa da rana, domin Alhaji fanka da talabijin kawai ya sani. Ita ce za ta ce akwai dutsen guga, wanda shi kaɗai wat 1,000 zuwa 1,200 ne. Akwai hitar dafa ruwa da yara ke tsomawa a bokiti lokacin sanyi, wat 1,500 ko fiye. Akwai sumo na rijiyar burtsatse. Mai doki ɗaya wat 750 ne a takarda, amma in zai tashi sai ya nemi ninki uku ko fiye. Ba jimillar kayan gida nake nema ba. Abin da nake so in sani shi ne waɗanne ne za su haɗu a kunne lokaci guda, kuma wanne ne mafi fizga a cikinsu. In na samu wannan sai in ɗora kashi 25 cikin ɗari a kai, saboda zafin Afrilu yana rage wa inbata ƙarfi, kuma ban taɓa ganin gidan da aka sa sola bai ƙaro kaya ba kafin shekara ta zagayo.

A wajen masu fizga, irin inbatar ma magana ce. Masu nauyin nan da ke da tiransifoma a ciki, waɗanda sai mutum biyu sun kama, sun fi jure tashin sumo da tsohuwar AC. Marasa nauyi na zamani sun fi tattalin wuta, amma yawancinsu ninki biyu kawai suke jurewa na 'yan daƙiƙu. Mai injin markaɗe ba na ba shi mara nauyi ko da ya roƙe ni.

To, sai kuma masu cewa a sa musu babba kawai a huta. Nan ma akwai asara. Inbata tana cin nata abincin ko ba a kunna komai ba. Mai kVA 5 takan sha wat 50 ko kusa da haka tana zaune, a awa 24 wat-awa 1,200 ke nan. Batirin ruwa mai Ah 200 da bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 2,400, kuma rabi ake so a sha in ana son ya yi ƙarko. Ka ga ke nan ta cinye batir guda a banza. Na sha zuwa gidan da aka ɗaura kVA 5 a kan ƙwayaye shida da fanka biyu, maigida na zargin an sayar masa da jabun batir, alhali rigar ce ta fi ƙarfin mai ita.

Batir ɗin ma dole su yi daidai da ita. Wat 3,000 a kan bolt 12 amfiya 250 ke nan, wayar da za ta ɗauki wannan sai ta kusa kaurin babban yatsa, kuma duk da haka za ta yi zafi. A bolt 24 ya koma 125, a bolt 48 bai kai 65 ba. Don haka ni dokar shagona ita ce: har kVA 1.5 ina yarda da bolt 12, zuwa 3.5 bolt 24, daga nan sama sai 48. Masu batirin lithium mai kWh 5, wato wat-awa 5,000, su ma ina duba amfiya nawa batirin ya yarda a ja, don yana da nasa mai gadin a ciki da zai yanke wuta in an matsa masa.

Inda yara masu koyo suka fi ƙona wa mutane dukiya shi ne ɓangaren faranti, wato allunan sola da ake ɗaurawa a rufi. Kowace inbata mai caja a ciki an rubuta iyakar bolt ɗin da za ta karɓa daga rufi. Wasu 145, da yawa daga cikin manya 450 ko 500. Faranti mai wat 550 yana ba da kusan bolt 50 in ba a ɗora masa kaya ba. Yaro zai ce goma sau hamsin ɗari biyar, ya jera goma a layi ɗaya, ya gwada da azahar ya ga lafiya lau. Abin da bai sani ba, faranti in ya yi sanyi bolt ɗinsa hawa yake yi. Ranar da hunturu ya sauka, gari ya waye da sanyi, rana ta fito ta bugi faranti masu sanyi ƙalau, sai layin ya haura 500, cajar ta ƙone, kuma wanda ya sayar da inbatar ba zai karɓa ba don laifin mai haɗawa ne. A kan mai iyakar 500, ni takwas nake jerawa, in ya yi yawa tara. Ƙasa ma akwai iyaka, don irin waɗannan inbatoci ba sa fara caji sai layin ya kai wajen bolt 120. Faranti biyu ba za su tashe ta ba.

Makon jiya wani Alhaji ya zo da kwalin inbata mai kVA 10 a bayan mota, ɗansa ne ya aiko masa, yana so a ɗaura kafin Juma'a. Na bi shi gida na zaga: firij ɗaya, fanka biyar, talabijin biyu, sumo mai doki ɗaya da ake kunnawa da hantsi. Na ce, "Ranka ya daɗe, mai 3.5 ta ishe ka, in dai za a bar guga sai sumo ya gama. A mayar da wannan, rarar kuɗin a ƙara batir da faranti." Ya dube ni ya ce maƙwabcinsa biyar gare shi, shi kuma zai sa uku da rabi? Muka yi ta ja har la'asar. A ƙarshe muka tsaya a kan biyar, da batirin lithium ɗaya da faranti takwas. Jibi za mu hau rufin, na riga na ce wa yara su zo da tsani mai tsawo, gidan bene ne.