Wasiƙa daga Kanada: kakar da ake zama a kalla

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarku da ta iyali, da kuma amfanin gona. Na san a yanzu an sauke gero a wurare da dama, masu gyaɗa suna ta tuga, dawa kuma tana jiran sanyi ya ɗan taɓa ta. Allah Ya sa albarka, Ya cika rumbuna. Mu ma nan kaka muke ciki, sai dai kakar nan ta ido ce. Mutum zai tuƙa mota awa uku don kawai ya ga ganye ya canza launi, ya juyo gida ba tare da ya ɗauko ko zangarniya ɗaya ba. Da farko abin ya ɗaure mini kai. Yanzu ni ma ina cikin masu tafiyar, har da akwatin fenti a bayan mota.

Asabar ɗin da ta wuce na bar Toronto bayan sallar asuba, na nufi arewa zuwa gandun dajin Algonquin. Gwamnatin lardin Ontario ta keɓe shi tun 1893, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 7,000, ga tafkuna birjik. Hanya mai lamba 60 ce ta ratsa kudancinsa. Na ɗauki ƙananan allunan katako shida, da buroshi huɗu, da filas ɗin shayi, da sallaya, da safar hannu wadda na yanke kan yatsunta don in iya riƙe buroshi.

Bishiyar da ke jawo wannan taro ita ce mepul, wadda ganyenta ke jikin tutar Kanada. Duk bazara korenta shar, ba ka bambanta ta da saura daga nesa. Daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba sai tudu guda ya kama kamar an zuba masa garwashi: ja wur a nan, ruwan goro a can, ruwan ɗorawa a gefe. Dalilin kuwa, idan yini ya fara gajarta, bishiya takan daina sarrafa sinadarin da ke sa ganye kore. Da koren ya janye sai rawayar da ke ɓoye a ƙarƙashinsa tun da can ta fito fili. Ja kuwa sabo ne, ganyen ne ke haɗa shi daga sukarin da ya rage a cikinsa, kuma yana fin ƙarfi idan aka samu rana tarwai da yini, dare kuma ya yi sanyi ba tare da ya kai ga daskarewa ba. Duk wannan ado bai cika wuce mako biyu zuwa uku ba. Iska mai ƙarfi ta dare ɗaya tana iya kakkaɓe shi ƙasa.

Na san tambayar da wasunku za su yi, wato ko zane ya halatta a Musulunci, don ni ma na yi wa kaina ita kafin in sayi buroshin farko. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne abin da aka ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, cikin Bukhari da Muslim, lokacin da wani mai sana'ar zane ya zo masa: ya ce masa in har sai ya yi, to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Ni a nan na tsaya. Bishiya, dutse, ruwa, gajimare. Kuma sun ishi mutum aiki har ƙarshen rayuwarsa.

A wannan daji sunan mutum ɗaya kake ji ko'ina, Tom Thomson. Ya fara zuwa nan a 1912, ya riƙa shiga tafkuna da kwale-kwale, yana kwana a tanti, yana zane da fentin mai a kan allunan da ba su fi faɗin littafin rubutu na makaranta ba. Ya bar ɗaruruwansu. A watan Yulin 1917 aka tsinci gawarsa a Tafkin Canoe, bai cika shekara 40 ba. Abokansa ne suka kafa ƙungiyar nan ta masu zane bakwai a 1920, wadda ta koya wa mutanen Kanada kallon dajinsu da idonsu, maimakon su yi ta kwaikwayon filayen Turai. Na je gidan adana zane na McMichael da ke Kleinburg, arewa da Toronto, na daɗe tsaye gaban waɗannan ƙananan alluna. Abin da ya kama ni shi ne saurin da ke cikinsu. Kana ganin inda buroshi ya bi sau ɗaya bai dawo ba, har katakon ma yana leƙowa tsakanin launi da launi, bai damu ya rufe ba. Hannun mutum ne da sanyi ke cizo, kuma ya san rana ba za ta jira shi ba.

Haka abin yake. Wanda ke zane a ɗaki daga hoton waya yana da yini guda, ko wata guda. Wanda ya kafa allonsa a bakin tafki awa biyu kawai gare shi, wani lokaci ma bai kai ba. Inuwar da ka fara da ita a hagun dutse, kafin ka gama sama ta koma ƙarƙashinsa. Don haka tun farko nake shimfiɗa duhun wurin, in tsayar da inuwa a inda na same ta, in ƙi binta idan ta motsa. Hasken shi ne na ƙarshe. Sanyi yana sa fentin mai ya yi tauri kamar man shanu a hunturu, sai ka yi ta murza shi. Fentin ruwa kuwa daskarewa yake yi a kan takarda idan sanyi ya sauka ƙasa da sifili, shi ya sa na bar shi a gida. Af, fitar da fenti daji ma ba tsohon abu ba ne. Sai a 1841 wani Ba'amurke mai zane, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro ɗan mazubin nan na ƙarfe mai laushi da ake matsawa kamar man goge baki. Kafin nan a mafitsarar alade ake ƙulle fenti, in an huda ta kuma sai a yi ta fama.

Abin da ya fi ba ni wuya a shekarar farko shi ne ja. Idona ya ga ja, sai na matso ja tsantsa na shafa, na ƙara, na kuma ƙara. Allon ya fito kamar an shanya barkono a kan rufin kwano, babu zurfi, babu iska a ciki. Wata dattijuwa da ke zane kusa da ni ta leƙo, ta nuna mini bishiyoyin nan masu ganye kamar allura da ba sa canza kore, da dutse ruwan toka a bakin ruwa, ta ce in fara da su. Da na kwantar da kusan duk allon da kore mai duhu da toka-toka da ruwan ƙasa, sai ɗan jan da na ɗiga a wuri uku ya kama da wuta. Matan gida sun san wannan tun kafin ni. Duk wadda ta taɓa ɗora jan gyale a kan baƙin shuni na Ƙofar Mata ta san abin da duhu ke yi wa ja.

Da azahar na wanke hannu, na yi alwala da ruwan da na zo da shi a jarka, na shimfiɗa sallaya a kan ganyen da ya zube. Da na sallame na zauna ina shan shayi, sai wata tambaya ta faɗo mini wadda har yau ba ta bar ni ba, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wane launi ne gonar dawa take da shi da la'asar sakaliya, a watan Nuwamba, a bayan Zariya? Na tashi a cikinta, na yi yankan kara, na ɗauki dami a kaina. Amma da a ce a ba ni allo yanzu, ban san me zan haɗa ba. Na san zangarniyar kaura da ta farfara sun bambanta, to amma inuwar da ke tsakanin karan, shuɗi-shuɗi ce ko ruwan ƙasa? Idan hazo ya sauko, Dutsen Kufena fari yake komawa ko ruwan toka? Na san launin tudu ɗaya a Ontario fiye da yadda na san na gonar mahaifina, kuma wannan yana yi mini ciwo.

Ga kuma gawo. Na ba wa dattijuwar nan labarinsa, ta ajiye buroshinta tana saurare. Bishiyar da ke zubar da ganye da damina, lokacin da kowa ya yi kore, sannan ta yi lif da rani lokacin da kuka ta tuɓe ta tsaya da rassa kawai. Ta tambaye ni ko akwai wanda ya zana su su biyu a fili ɗaya bayan girbi, gawo da kuka, ga buƙƙokin kara a tsakaninsu. Na ce mata a Zariya akwai sashen koyar da zane a Jami'ar Ahmadu Bello mai dogon tarihi, kuma ina fata ɗalibansa suna fita bayan gari da allunansu a wannan lokaci.

In Allah Ya yarda zan zo gida a Nuwamba mai zuwa. Na riga na yanka alluna ashirin, na yi musu akwati mai ramuka don kada ɗanyen fenti ya taɓa ɗan uwansa. Roƙona gare ku, duk wanda ya san gonar da har yanzu gawo ke tsaye a cikinta, tsakanin Giwa da Funtuwa, kuma mai gonar ba zai damu ba in baƙo ya zauna masa a gefe awa biyu, ya taimaka ya sanar da ni. Masu hasashen yanayi sun ce iska na tafe ranar Laraba, don haka gobe zan koma Algonquin da alluna ukun da suka rage mini.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku a Toronto