Na je Yamai saboda ƙasusuwan Gadufawa

Shekaranjiya na dawo Maraɗi, har yanzu hankalina yana Yamai. Abin da ya kai ni shi ne burin da na daɗe da shi: in ba da lokacin hutuna kyauta wajen sharewa da tantance ƙasusuwan dabbobin da suka zama dutse.

Hanya dai hanya ce, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Sai dai a wani shingen bincike wani jami'i ya riƙe katina kusan rabin awa, da na faɗa masa abin da zan je yi ya ce, "Ƙashi za ka je gogewa? Ba ka da aiki ne?" Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

A gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, na manta da maganar jami'in nan. Na tsaya gaban Ouranosaurus, wani dinozor, wato irin dabbobin zamanin da da suka ƙare a duniya, wanda Bafaranshe Philippe Taquet ya tono a Gadufawa, cikin hamadar Tenere, ya raɗa masa suna a 1976. Dogayen ƙasusuwa sun miƙe a gadon bayansa kamar an kafa danga. Sama da shekara miliyan 100 ke nan da ya yi kiwo a bakin koguna, inda yau rairayi ne kawai. Mu a Maraɗi yaranmu suna haddace sunayen dabbobin Turai, ba su san wannan daga ƙasarsu ya fito ba.

Mai masaukina ya haɗa ni da wani dattijo mutumin Ingal, wanda ya taɓa aikin tono da masu bincike. Ya dafa mana shayi, ya ɗauko wani guntun ƙashi mai nauyin dutse, da burushi da allura. "Ɗana, zauna," in ji shi. Ya nuna mini yadda ake ɓanɓare ƙasa ƙwaya-ƙwaya, allura tana kwance, ba a tsaye ba. In ƙashi ya tsage a ɗiga masa gam, kuma ba a raba guntu da lambarsa, don lambar ce ke faɗin inda aka same shi. A daji, ya ce, naɗe ƙashin ake da buhu da filasta kamar ɗorin karaya kafin a ɗora a mota.

Awa biyu na yi ban share wurin da ya kai faɗin ɗan yatsa ba. Na ce, "Baba, haka ake yi kullum?" Ya ce wani ƙashin sai ya ci watanni. Na miƙa masa jaka biyu, ya mayar mini, har da ɓacin rai.

Rayuwar Yamai da tsada. Kilishin da na saya a bakin tasha bai kai na gida ba, kuɗinsa kuwa ya kusa ninki.

Na rubuta takardar neman a karɓe ni aikin sa-kai a hutu mai zuwa, na miƙa ta. Na sayi burushi biyu na kamo hanya.