Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Firjin Kananzir da Shekarar Araba

Makon jiya na tsaya a daren 15 ga Janairu 1966, cikin azumi, da aka kashe Sardauna a Kaduna. Lokacin ina mai wankin miki a ɗakin shan magani na mishan, a wani ƙauye can bayan dutsen Kufena. Da na je gida Wusasa, abin da Kawu ya ce da ni ke nan: "Ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tara kananzir." Na kai maganar gun mai riƙe da makullin sito, ya ce yaushe mai wankin miki ya fara lissafin kuɗin mishan. Ba zan kama sunansa ba, jikokinsa na nan da rai.

Yaran yanzu ba su san firjin kananzir ba. Tanki ne a ƙasa, da lagwani, da bututun hayaƙi. Yana shan kamar kwalba ɗaya a yini. Dole ya zauna daidai wa daida, in ya karkata ko kaɗan sai ya ƙi sanyi, shi ya sa muke ɗora faranti da ruwa a kansa mu duba. Wutar shuɗiya ake so. Ta koma rawaya, to lagwani ya yi kunnuwa ko kananzir ya sha ruwa, baƙin hayaƙi zai toshe bututu, kafin gari ya waye magani ya ɗumame. Duk mako a datse lagwani, a zura buroshi cikin bututu, a tace kananzir da ƙyalle. A cikinsa allurar hana sarƙewar haƙora take, kuma ita ce ran wanda aka sara da adda.

Ranar 24 ga Mayu Janar Ironsi, shugaban mulkin soja, ya yi doka ta 34, ya rushe tsarin yankuna. Ranar 29 gari ya kama, ana ta "a raba, a raba". 'Yan Gabas na Sabon Gari da Tudun Wada a Zariya suka bazu cikin daji, waɗansu suka ɓullo mana da dare ta cikin gonaki. Sista, Baturiyar Ingila ce, ta ce kada a tambayi kowa garinsu ko addininsa. Maƙwabtanmu Musulmi ne suka riƙa kawo dawa tiya-tiya, har da wanda ya ɓoye mutum uku a rumbunsa.

Mikin sara yana da doka. A tafasa ruwa, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe cikin kwalba guda, a bari ya huce, a wanke har ƙasa da ciyawa su fita, a yanke naman da ya mutu. In miki ya kwana, ba a ɗinke shi. Wanda ya ɗinke ya rufe ƙwayar cuta a ciki, bayan kwana uku wuri ya kumbura, ya yi ruwa, zazzaɓi ya taso. A bar shi buɗe da bandeji, sai kwana huɗu ko biyar, in ya yi ja mai kyau, a haɗa bakinsa. Sirinjinmu na gilas ne: a raba shi biyu, a sa cikin ruwan sanyi sannan a ɗora a wuta, don in ka jefa shi a tafasasshe fashewa zai yi. Minti 20 daga lokacin da ya fara tafasa. Allura kuwa wasa ta muke a dutse, mu ja ta a kan auduga, in ta kama zare ba ta yi ba. Ita allurar sarƙewar haƙora daga jinin doki ake yin ta, don haka sai a ɗiga kaɗan a fata, a jira rabin awa, kada mutum ya shiɗe a hannunka.

A dare na huɗu da fara rikicin firji ya mutu. Babu ko ɗigo a garwa, na fitilun ƙwai ma mun juye. Da safe mai makulli ya ce wa Sista ni ne ban datse lagwani ba. Ni! Shekaru da yawa bayan haka, ranar sunan ɗana na biyu, ya zo ya ci tuwo bai ce uffan ba, Kawu yana gefe yana kallona. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma wanda ya faɗa tun da wuri shi aka ɗora wa laifi.

Bayan juyin 29 ga Yuli, da aka ce Gowon ne shugaban ƙasa, tsofaffin Wusasa da suka san shi yana ɗan makaranta sun zaci an gama. Ƙarshen Satumba abin ya dawo ya fi na Mayu muni, tashar jirgin ƙasa ta cika da masu tafiya Gabas. Wannan karon akwai garwa shida a sito. Mai makullin ne ya sayo su, yana gaya wa kowa dabararsa ce.