Tarihin Rayuwata, Kashi na 12: Sifikar Dogo

Makon jiya mun rabu ne a inda na kunna rediyon ɗalibin nan na Samaru don gwaji, ban san ya bar faifai a ciki ba, ƙara ta tashi kamar ana sauke tirelar rodi a Kwangila, Oga ya zabura har shayinsa ya zube a kan teburin gyara. Faifan dai na mayar wa mai shi, kada wani ya ce na ci amana. Sai dai ya yi kwana tara a hannuna, kuma ban mayar ba sai da na kwafe shi a kaset biyu, ɗaya na saurare, ɗaya na ajiya.

Faifan Metallica ne, ƙungiyar Amurkawa masu kiɗan metal, na 1991, mai baƙin bango, wanda ba su raɗa masa wani suna ba sai nasu. A lokacin ban san haka ba. Abin da na sani kawai, idan yana tashi a kunnena ina narka dalma, hannuna ba ya rawa.

Kafin hunturun 2004 ya kankama mun zama mu huɗu. Akwai mai faifan, wanda muke kira Ɗan Samaru, ko da yake mutumin Gusau ne, karatu ya kawo shi. Akwai Dogo, mai walda a Tudun Wada, wanda ya riga mu duka shiga harkar. Shi wani kwalin tsofaffin kaset na gwanjo ya saya a kasuwar Sabon Gari da niyyar ya goge su ya ɗauki wa'azi a kai, ya ce bari ya ji abin da ke cikin ɗaya kafin ya goge, daga nan ba a sake maganar gogewa ba. Akwai Auta, ɗan sakandare, wanda gidansu ke da dish, ya ga Linkin Park a talabijin ya haukace. Sai ni. Bayan sallar isha'i, idan Oga ya tafi gida, mukan jawo benci zuwa bayan shago, mu aika a karɓo shayi, mu rage murya daidai yadda mai gadin layi ba zai leƙo ba. Kiɗan ƙarfe muke ce masa, don in ka ce metal a Sabon Gari za a ɗauka cinikin rodi ya kawo ka.

Samun waƙa a wancan zamanin aiki ne. Ɗan Samaru yakan biya kuɗin kwanan kafe, ya zauna gaban kwamfuta daga dare har kiran assalatu, ya fito da waƙoƙi ƙalilan da jajayen idanu. A zuba su a faifai, a rubuta suna da maka, faifan ya yi ta zagaye a tsakaninmu har ya karce. Kuma muna da doka: wanda ya kawo faifai sai ya yi masa shaida kafin a kunna. Ɗan Samaru shi ne na Iron Maiden, yakan ce a saurari yadda jita biyu ke tafiya tare kamar dawakan hawan daushe. Dogo ba ya dogon bayani, yakan ajiye kaset ya ce, "Wannan na maza ne." Auta kuwa duk ranar da ya fito da Meteora na Linkin Park sai Dogo ya tashi ya ce zai je kama ruwa, ba ya dawowa sai an gama.

To, wata Asabar da hantsi, hazo ya rufe gari, sai ga ɗan acaɓa ya sauke Dogo a ƙofar shago rungume da wani abu cikin buhu, kai ka ce mara lafiya ya ɗauko. Sifikarsa ce, wadda ya yi wa akwatin katako da hannunsa, ya ƙera mata ragar ƙarfe a gaba.

Ya ce, "Mutumina, ta yage. Jiya da daddare ta fara."

Na ɗora ta a teburi. Na kwance sukurori huɗu, na cire ragar, na haska takardar da tocila ina neman tsaga, babu. Na sa yatsu na danna ta ciki a hankali, kunnena a kusa, ko zan ji tana goga. Shiru, ta shiga ta dawo lafiya lau. Na ɗora mita a kan wayoyinta, allura ta motsa yadda ya kamata. Na ɗauko batirin tocila na taɓa, ta ce ɓut, takardar ta yi tsalle. Na ce, "Dogo, wannan ta fi ni lafiya." Ya ce ban iya aiki ba, a kira Oga. Oga yana can ciki yana fama da wata talabijin, bai ko ɗago ba ya ce, "Kai yaro, sa mata Shata." A shagonmu haka ake gwada kowace sifika. Idan kalangu ya fito da zaƙinsa, kuma amshi bai cakuɗe da muryar Alhaji ba, to a ba mai kaya kayansa. Na sa. Kalangu ya fito tas, har mai faci na maƙwabta ya ɗaga mana hannu.

Dogo ya yi tsaye yana kallon sifikar kamar ta ƙaryata shi a gaban alƙali. Can ya laluba aljihu ya zaro faifai. Ɗan Samaru ne ya ba shi a daren jiya, sabon na Metallica, St. Anger, wanda ya fito tun watan Yunin 2003 amma sai a lokacin ya iso hannunmu. Muka kunna. Jita ta shigo da nauyinta, babu laifi. Sai ganga ta faɗo: tan, tan, tan, sak ɗan garuwa yana dukan garwar da babu ruwa a ciki. Dogo ya ce, "Ka ji ko! Ka ji ta!" Ban ce komai ba, na zare waya na mayar kan babbar sifikar shago. Tan, tan, tan. Na jona na kunne na miƙa masa. Ya saurara kamar minti ɗaya, ya cire, ya zauna a kan benci a hankali.

Ya ce, "Wato haka suka yi shi."

Na ce haka suka yi shi.

"Da gangan."

Wallahi na tausaya masa. Da sifikar ce ta yage, da kafin azahar na liƙe masa ita.

Da daddare Ɗan Samaru ya zo da bayani, don ya karanto a kafe. Ƙaramar gangar da ke gaban makaɗi tana da wasu siraran wayoyi manne da fatarta ta ƙasa, su ne ke ba ta wannan kaifin na tas, kamar dai tsirkiyar da ake ɗaura wa gangarmu don ta riƙa zuza. Lars Ulrich, makaɗin nasu, shi ya saki wayoyin, ya bar ƙarfen gangar yana amsa kuwwa. Bayan haka, duk tsawon faifan babu inda aka bar Kirk Hammett ya ware shi kaɗai da jitarsa kamar yadda aka saba. Mai jitar bes ɗinsu, Jason Newsted, ya bar su tun 2001, sai Bob Rock, wanda aikinsa haɗa sauti ne, ya riƙe musu ita a wurin ɗauka.

Nan fa Dogo ya samu abin da yake nema. Ya ce shi daman ya daɗe da sani, Metallica ta mutu tun watan Satumbar 1986, ranar da motarsu ta kife a Suwidin mai jitar bes ɗinsu na lokacin, Cliff Burton, ya rasu yana da shekara 24. Faifansu na wannan shekarar, Master of Puppets, shi ne ƙarshen magana. Abin da ya biyo baya duk neman kuɗi ne. A 1996 suka fitar da Load, suka aske gashin kansu kamar masu neman aikin banki. Shi kuwa baƙin faifan nan na 1991, in ji shi, an yi shi ne don gidajen rediyo da 'yan mata, an rage gudu, an gajarta waƙoƙi, an shafa masa mai.

Baƙin faifan da ya faɗa, nawa ne. Shi na kwafa a kaset biyu. Na ji kamar ya zagi gidanmu, amma Dogo ya girme ni da shekara uku, hannunsa kuma hannun mai walda ne, sai na kurɓi shayina.

Daga baya ne na yi lissafi. An haifi Dogo a 1981, shekarar da aka kafa ƙungiyar a Los Angeles. A 1986 da yake wa kuka, yana ɗan shekara biyar yana gara taya a lungun Tudun Wada. Master of Puppets ya zama nasa ne don shi ya tarar a cikin kwalin gwanjo. Da Load ya tarar, Allah kaɗai ya san wa'azin da zai riƙa yi mana. Birnin Zazzau ƙofofi gare shi da yawa. Baƙon da ya fara shigowa ta Ƙofar Doka, ko shekara nawa ya yi, in ya rufe ido nan yake gani a matsayin fuskar gari, ka kai shi Ƙofar Gayan ya ce maka ai nan bayan gari ne. Auta ma da yake ta dariya a daren, shekara uku kacal aka yi ya zo mana da irin fuskar Dogo, lokacin da Linkin Park suka fitar da Minutes to Midnight a 2007 suka sassauta ihu da salon da ya san su da shi.

Muna cikin wannan sai muka ji gyaran murya. Oga ne, ya manta makullin babur ɗin wani a aljihun teburi ya dawo ɗauka. Na miƙe da sauri zan kashe, ya ɗaga mini hannu. Ya tsaya ya saurara, sannan ya ce Auta ya matsa, ya zauna a bakin benci.

Ya ce, "Ku tsaya in tambaye ku. Kalangu na mahauta ne. Dundufa ta maƙera ce. Manoma da gangarsu, 'yan tauri da nasu kiɗan, in an buga shi wuƙa suke nema. Kowane kiɗa da masu shi. Wannan naku na wace sana'a ne?"

Muka yi tsuru-tsuru. Ɗan Samaru ne ya cece mu. Ya ce, "Baba, kusan na maƙera ne." Ya ba shi labarin Tony Iommi na Black Sabbath, ɗan Birmingham ta Ingila, garin masana'antu. Yana da shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe a wata masana'antar ƙarfe, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, kuma shi bahago ne, da wannan hannun yake danna tsirkiya. Sai ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don su rage yi masa zafi. Sassautawar nan ta ƙara wa sautin kauri da duhu. Faifansu na farko ya fito a watan Fabrairun 1970, kuma da yawa daga nan suke fara ƙirga tarihin kiɗan. Oga ya juya babban yatsansa da dalma ta ƙona shekara da shekaru, ya dube shi, ya ce, "To, yanzu na ji magana."

Da aka faɗa masa abin da ake gardama a kai, nan take ya bi bayan Dogo. Ya ce shi ma ciwonsa ke nan. Shata ya rasu a 1999 da kalangunsa, bai taɓa jin ya ajiye shi ya ɗauki wani abu ba, amma yanzu duk kaset ɗin da aka kawo gwaji fiyano ne, yaro ɗaya ya danna maɓalli ya kori makaɗa biyar. Dogo har da miƙa masa hannu biyu.

Ɗan Samaru shu'umi ne. Bai yi musu ba, ya ce, "Baba, bari in sa maka wani." Ya sa Roots na Sepultura, 'yan Belo Horizonte ta Brazil, na 1996, wanda suka cika da gangunan ƙasarsu, har suka je wurin ƙabilar Xavante suka ɗauki waƙa tare da su. Ganguna suka kaure. Ƙafar Oga ta fara motsi, ya ce wannan ai ko a gaban 'yan tauri aka buga shi za a ga aiki. Dogo ya lumshe ido yana gyaɗa kai, don duk duniya bayan Master of Puppets babu faifan da yake so kamar wannan.

Sai Auta, da ba a tambaye shi ba, ya ce, "Yaya Dogo, su ma fa canzawa suka yi. Arise da ka ba ni ba haka yake ba, gudu ne zalla."

Dogo ya buɗe ido. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Waɗannan gida suka koma. Waɗancan kasuwa suka tafi."

Amsar ta yi daɗi, har Oga ya ce a maimaita masa. Ni dai ban gamsu ba, kuma har yau ban gamsu ba. A ce baƙin faifai kasuwa ne, na yarda, ya sayu fiye da duk abin da suka yi. Amma wa ke zuwa kasuwa da fasasshiyar garwa? Mutumin da ke neman a so shi ba zai saki wayoyin gangarsa ba. St. Anger ya fi kama da gidan da ake rigima a ciki aka manta taga a buɗe. Dogo ya bar faifan a kan benci ya ce kada ya sake ganinsa, na ɗauka na sa a aljihu. Mako guda ina jin sa a ɗaki da na kunne, cikin bargo, har tan-tan ɗin nan ta daina damuna, daga baya ma in ba ta zo ba sai in ji kamar an rage gishiri. Ban faɗa wa Dogo ba sai bayan ya yi aure ya yi sanyi.

Da Oga zai tafi ya juyo ya ce, "Kai yaro, mai gangunan nan ka sa mini shi a kaset. Amma in da hali ka cire mai kururuwar." Na ce, "Oga, ba ya ciruwa." Ya ce to in bar shi, zai riƙa ragewa in ya zo wurin.

Abin da ba mu lura da shi ba, zaman Oga ya sa mun saki jiki mun ƙure murya, kuma mai gadin layi ya daɗe a tsaye a bakin kwana. Ranar Litinin da safe, ina cikin share gaban shago, sai ga ƙanwata da hijabinta na makaranta, tana haki. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Yaya, Baba ya ce ka zo yanzu-yanzu, ka taho da rediyon da kaset ɗin aljanun. Suna zaure shi da Liman."

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.