Kafin ka bar Maradi zuwa karatun Japananci

In ka ci bak ko ka gama Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kana hangen Japan, aikin farko a gida yake, tun kafin zancen biza. Rubutunsu kashi uku ne: hiragana haruffa 46, katakana 46, sai kanji, waɗanda gwamnati ta ware 2,136 don amfanin yau da kullum. Biyun farko ka haddace su tun a Maradi, da alƙalami da takarda, kana bin yadda ake jan kowane layi bi da bi. Wanda ya saba karanta Japananci da haruffan boko wuya zai sha, don daga makon farko allo ba ya ɗauke da su. Makarantun harshe da yawa suna neman shaidar karatun awa 150 ko takardar JLPT, wato jarrabawar ƙwarewa a Japananci, matakin farko, N5.

Wajen furuci, Bahaushe ya yi sa'a. Kunnenmu ya saba da dogon wasali da gajere, shi ya sa ba ma rikita obasan, wato gwaggo, da obaasan, wato kaka. Inda ake tuntuɓe shi ne fi'ili da ke zuwa ƙarshen jimla, da keigo, salon girmamawa da ke canza fi'ilin kansa gwargwadon wanda kake wa magana.

Tallafin gwamnatinsu, MEXT, ta ofishin jakadanci ake nemansa, kuma shekarar karatu a Afrilu take farawa, saboda haka a soma haɗa takardu shekara guda kafin nan.

Da ka samu masauki, kwana 14 gare ka ka kai katin zamanka ofishin magajin gari a rubuta adireshi. A nan za ka shiga inshorar lafiya, wadda ke sa ka biya kashi 30 cikin ɗari kawai a asibiti. Aiki kuwa sai da izini, kuma awa 28 a mako ne iyaka a lokacin karatu. Nan ɗalibai suka fi faɗawa: a ƙara awanni don aika kuɗi gida, barci ya hana zuwa aji, ranar sabunta biza a duba rajistar halarta a ƙi.

Abinci ma sai an lura. Koyi gane 豚, alamar alade, a jikin leda, kuma ka tambaya ko an sa mirin, don giyar girki ce da ake zubawa a miya da yawa.