Kano zuwa Kaduna kullum: kilomita nawa inji yake yi kafin a buɗe shi?

Daga tashar Unguwa Uku a Kano zuwa Kawo a Kaduna kusan kilomita 230 ne, zuwa da dawowa 460. Mai yin haka kwana 5 a mako, in an cire Sallah da ranakun gareji, zai ɗora wa mota kimanin kilomita 110,000 a shekara. Motar gida sai ta yi shekara 7 ba ta ci wannan tafiyar ba. A wannan hanya na yi aiki da Toyota Corolla ta 2005, mai injin 1ZZ-FE na lita 1.8, giyar hannu. Ta iso hannuna agogonta yana nuna 118,000. Mil ne fa, domin 'yar Amurka ce, kuma kowane mil ɗaya kilomita 1.6 ne, wato ta riga ta ci kusan 190,000, in agogon ya faɗi gaskiya. Ba a kwance kan injin nan ba sai da agogo ya kai mil 350,000, kilomita 560,000 da ɗoriya ke nan, bayan shekara 3 da 'yan watanni.

Don haka in aka tambaye ni, abin da nake cewa shi ne ƙaramin injin fetur mai lafiya, wanda ake kula da shi, zai yi tsakanin kilomita 400,000 zuwa 600,000 kafin ya nemi babban aiki. A irin wannan zirga-zirga shekara 4 zuwa 5 ke nan. Amma na ga irinsa sak da bai cika shekara ɗaya da rabi ba, kuma yawan tafiya ba shi da hannu a mutuwarsa.

Doguwar tafiya a kan kwalta ita ce aiki mafi sauƙi ga inji. Da zarar ya ɗau zafinsa, baƙin mai ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, karanshaf, sandar da fistin suke juyawa, yana juyawa ne a kan mai, kusan ba ya taɓa metal ɗinsa, wato ƙarafan da yake kwance a kansu. Cin ƙarfe ya fi yawa a lokacin tayarwa da sanyi, sa'ad da man ya gangara ƙasa cikin dare kuma fistin bai buɗe ya cika gurbinsa ba. Motar haya sau ɗaya take shan wannan a rana. Motar da ake kai yara makaranta a kashe, a je kasuwa a kashe, tana sha sau da yawa, ga tururin ruwa da fetur suna taruwa a cikin man saboda bai taɓa yin zafin da zai kore su ba. A Amurka an yi wata Toyota Tundra ta 2007 da ta cika mil miliyan 1 a 2016 da injinta na asali, kuma doguwar hanya mai ita yake bi kusan kullum. Kamfanin ya karɓe ta ya ba shi sabuwa don a farke ta a duba.

Kuskuren da ya fi yawa a tasha shi ne yin juyen baƙin mai wata-wata. A wannan hanya wata guda kusan kilomita 10,000 ne. Kilomita 5,000 kuwa kwana 11 ne kacal na aiki. Ni da agogo nake lissafi, ina rubutawa a ƙaramin littafi a aljihun gaban mota: 5,000 a hunturu, 7,000 a sauran lokuta in man mai kyau ne. Injin yana cin lita 3.7 har da filta, saboda haka galan na lita 4 yana barin ɗan ragowa na ciko. A juye shi da ɗuminsa, a bar shi ya tsiyaye sosai, a shafa ɗan mai a robar sabuwar filta a ɗaure ta da hannu. Filta kuwa araha ba ta ado. Ta kirki tana da wani ɗan murfin roba a ciki da yake hana mai komawa ƙasa in an kashe mota. In ka ji inji yana kaf-kaf-kaf na daƙiƙa 3 ko 4 da safe kafin ya yi shiru, fara zargin filtar. Galan kuma a saye shi a rufe daga hannun da aka sani, in an gama a huda shi, don kada ya koma kasuwa da wani abu a ciki.

Kaurin mai ma ana rigima a kansa. A murfin wannan injin an rubuta 5W-30, amma da yawa 20W-50, wanda ya fi kauri, suke zuba wa kowace mota, wai ƙasarmu da zafi. Injin yana da VVT-i, na'urar da take sauya lokacin buɗe bawul da ƙarfin baƙin mai, ta wasu siraran hanyoyi da 'yar ƙaramar raga. Mai mai kauri yana jinkirin isa can da safe. Na tsaya a 5W-30 har wajen kilomita 400,000, da ya fara shan mai na koma 10W-40. Mai mai kauri yana ɓoye hayaƙi, ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi.

Sai ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu, da duk inda ake aikin hanya aka karkatar da motoci ta cikin turɓaya, inji yana zuƙar iska mai yashi, kuma yashin nan kamar takardar gogewa yake ga ringi, wato zobban jikin fistin, da bangon silinda. Matatar iska ce kaɗai ta tsaya masa. Abin da ya zama al'ada, a kai ta wurin mai faci ya hure ta da iska mai ƙarfi, shi yake kashe ta: takardar tana yin ƙananan huji da ido ba ya gani, ta fito fes tana kuma wuce da ƙura. A cire ta a ɗan bubbuga a tafin hannu, a ɗaga ta saitin rana. In haske ba ya ratsawa ta toshe, in kuma ka ga ɗigon haske mai ƙarfi a wuri ɗaya ta huje. Ko wanne ne, a sa sabuwa. Ni ba ta wuce juye 3 a hunturu.

Akwai gwajin da bai kai minti ɗaya ba. Kwance babban tiyon da ya tashi daga akwatin matata zuwa inji, ka zura yatsa ciki ka shafo. Ya kamata yatsan ya fito da tsabta. In ya fito da jan gari mai laushi kamar hoda, ƙura tana shiga ta wani wuri: ko murfin akwatin bai zauna ba saboda maƙallinsa ya karye, ko tiyon ya tsage a cikin lanƙwasarsa ta ƙasa inda ba a gani sai an matsa shi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Na taɓa samun irin wannan tsaga, tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba, kuma na tabbata watannin da ta yi a buɗe sun rage wa ringin nan kwana.

Mai da ƙura a hankali suke ci. Zafi shi ne mai gamawa a yini ɗaya, kuma shi ya kashe ɗaya Corollar da na ambata. A watan Afrilu ne, rana ta take, tiyon ƙasa na lagireto ya fashe bayan an wuce Kwanar Dangora. Direban ya ga allurar zafi ta hau, sai kuma ta ɗan sauko, ya ɗauka abin ya lafa, ya ci gaba don ya kai gari. Saukowar nan ita ce yaudarar: ruwa ya ƙare, abin auna zafin yana zaune a cikin iska, ba ya jin komai. Kan injin na alminiyam ne, ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai ya zama kamar kunun gyaɗa. Lanƙwasar da aka yarda da ita a fuskar kan wannan injin ba ta wuce milimita 0.05, kaurin gashin kai ke nan. An wanke kan, wato an goge fuskarsa ta daidaita, an ɗaura, amma ringi sun riga sun saki, ba ta sake daina hayaƙi ba.

Shi ya sa nake canza kayan ruwa tun ba su mutu ba. Tiyo in ka matsa shi da sanyi ka ji ya yi laushi kamar danƙo, ko ya kumbura kusa da maɗauri, lokacinsa ya yi. Saman lagireto na roba baƙi ne, in ya fara komawa ruwan ƙasa yana gab da tsagewa. Murfin lagireto shi yake riƙe matsi, matsin kuma shi yake ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 120, don haka murfin da robarsa ta mutu zai sa mota ta riƙa zubar da ruwa alhali komai nata lafiya. A sayi mai lamba iri ɗaya da wadda aka buga a tsohon. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin dutse a cikin siraran bututun lagireto, suna kuma cin alminiyam. Ruwan sanyaya inji na ainihi ake zubawa, ko wanda aka riga aka haɗa, ko a gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir. Duk bayan 'yan watanni kuma a wanke tsakanin lagireto da na'urar sanyin da ke gabansa, inda ciyawa da fari da leda suke taruwa, da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba.

Maganar tamostat ce ta fi ci min rai. Mota tana isowa za a ce maka, "Alhaji, wannan na ƙasar sanyi ne, a cire a haɗa fanka kai tsaye." Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Tamostat ɗin wannan injin yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82, aikinsa ya kai inji zafin aiki da wuri ya riƙe shi a nan. In babu shi, da asubar hunturu a kan buɗaɗɗiyar hanya injin ba zai ɗau zafi ba, kwamfutar motar za ta ɗauka har yanzu tayarwa ake yi, ta ci gaba da ƙara fetur. Rarar fetur ɗin tana wanke man da ke bangon silinda, ta gangara ta tsinka wanda ke ƙasa. Ga asarar fetur, wanda tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ya zama shi ne babban kashin kuɗin direba, ga cin ringi. Motar da take zafi tana da dalili: toshewar lagireto, mataccen murfi, famfon ruwa, ko fankar da ba ta tashi. In tamostat ɗin ne ya maƙale, sabo ake sawa. In allura ta hau a hanya, a gangara a kashe nan take, a jira aƙalla minti 30, kada a buɗe murfi da zafi, kada kuma a watsa wa inji ruwan sanyi.

Tuƙi ba shi da dogon bayani. Minti ɗaya ya isa da safe, sai a tashi a hankali har allura ta kai wurinta, ba tare da taka totur a tsaye ba. Da cikakken lodi a hawa, kada a bar ta a giya ta 5 tana nishi. In ka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, fetur yana fashewa ba a kan lokaci ba, fistin da metal ne suke shan dukan, a sauke giya. Da damina kada a kutsa ruwan da ya kai bakin shan iska, domin ruwa ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Masu Golf 3 mai silinda 4 kuma su tuna tasu bel ne da ita a inda Corolla take da sarƙar da ke daidaita lokacin buɗe bawul, ana canza shi kan lokaci tun bai tsinke ba.

Tsufan nawa injin a geji, sandar auna baƙin mai, ya fara bayyana. Da farko ba na ciko tsakanin juye da juye. A wajen 450,000 ya koma lita ɗaya a kilomita 3,000, daga baya lita ɗaya a 1,000. Kafin a yanke hukunci na canza ɗan bawul ɗin numfashi, PCV, da ke saman inji, wanda in ya maƙale yakan sa shan mai da yoyo. Lafiyayye in ka girgiza shi yana ƙara. Hayaƙi ma ana karanta shi: shuɗi da safe kaɗai ko bayan doguwar tsayuwa, robobin bawul ne, shuɗi in an taka wuta, ringi ne. Sai awon matsin silinda, inji da zafi, an cire fulogi duka, totur a buɗe. Ƙa'idar wannan injin kada ya gaza 145 a ma'aunin psi, kada kuma bambancin silinda da silinda ya wuce 15. Biyu daga cikin nawa sun sauka kusa da iyakar. Da aka zuba cokalin mai ta ramin fulogi aka sake aunawa sai suka hau, alamar ringi ne ba bawul ba.

Da aka buɗe, ringin mai sun daskare a cikin gurbinsu da baƙin gawayi, ƙananan ramukan da mai yake bi ya koma ƙasa ta jikin fistin sun toshe, ciwon da aka san wannan injin da shi, musamman na shekarun farko. Karanshaf kuwa da aka auna bai buƙaci wanki ba, metal sun goge amma ba su kai ga cinye shi ba. Bangon silindar wannan injin siriri ne a cikin alminiyam, ba irin wanda ake faɗaɗawa ba, don haka da ya ci sosai da sai dai a nemo wani injin a Ƙofar Ruwa. An sa ringi da metal na asalin girma, robobin bawul, sarƙa da jagororinta, famfon ruwa da gasket, an buɗe ramukan fistin ɗaya bayan ɗaya. Kusoshin kai na tsaya a kansu sai da aka ɗaure su da ma'auni, daga tsakiya zuwa gefe, 49 a ma'aunin Nm sannan a ƙara kwata na juyi, ba da ƙarfin dantse ba. Kilomita 1,000 na farko ta yi su ba cikakken lodi, ana sauya gudu, sannan aka juye mai da filta. A juye na gaba, bayan kilomita 5,000, man da ke geji bai sauka ko rabin tazarar da ke tsakanin alamun biyu ba.